Sunan da Dutse Ke Maidowa

Kwanakin baya na bi ta Dutsin-Ma zan je wata ta'aziyya, sai na roƙi direba ya ɗan karkata ta bayan tsohuwar makarantarmu ta kwana. Filin wasanmu babu shi. An yanka shi fulotai, an jera bulo, nan shagon cajin waya, can injin markaɗe yana ta ruri. Dutsen dai yana nan bayan gidajen, baƙi wuluk, a durƙushe kamar raƙumin da mai shi ya manta da shi. Na sauka na tsaya inda nake zaton nan ne wurin tsayuwata a da, na tafa hannu sau ɗaya, na kasa kunne. Shiru. Gine-gine sun shanye sautin. Wata mai tuyar ƙosai ta dube ni ta ce, "Hajiya, lafiya dai?" Na ce mata lafiya lau. Ta ina zan fara gaya mata cewa dutsen nan da ta ba baya tana tuya, a zamaninmu magana yake yi?

Mu mun tashi lokacin da duniya ke da shiru, shi ya sa kowane sauti yake da ma'ana a wurinmu. Ƙararrawarmu ƙarfen tayar babbar mota ne da aka rataye a reshen bedi. Da safe za ka ji kukan igiyar guga a bakin rijiya, da sharar tsintsiya talatin a lokaci guda, da ƙarar kwanoni a layin koko. Da kaka kuwa iska kan ɗauko mana luguden matan ƙauyukan Shema tun daga nesa, tare da ƙamshin ɗanyen harawa, har 'yar da ke kewar gida ta ɓuya bayan aji ta yi kuka. Kowaccenmu ta zo makaranta da akwatin ƙarfe da kuma gargaɗin kakarta. Tawa kakar, ranar da zan taho, ta kama kunnena ta ce, "In kina fili kika ji an kira sunanki, kar ki amsa, kar ki motsa, sai kin waiga kin ga bakin da ya kira ki. Ba duk wanda ya san sunanki ne mutum ba." Ba ni kaɗai aka gaya wa ba. Kusan duk mun sha wannan magana tare da nono. Yanzu nakan zauna ina kallon jikokina, abu ya yi ƙara a aljihu, su ciro su ce na'am ga muryar da ba su ga mai ita ba, ko a jikinsu. Ni har yau tsigar jikina takan tashi.

Malamar wasanninmu daga tsaunukan kudu ta zo. Kirista ce, doguwa, mai wushirya, Hausarta tana da wani lanƙwasa mai daɗi da muke kwaikwayo a ɓoye. Ran Lahadi takan yafa farin gyale ta shiga gari ibada tare da ma'aikatan asibiti. Kafin ita, wani malami ne ke fitar da mu, da usur a baki da bulala a hannu, abin da ya koya mana duk bai wuce yadda ake ƙaryar ciwon ciki ba. Ita kuwa da buhu ɗaya ta zo. Ta zazzage shi a gabanmu: sanduna biyu masu kauri, ƙwallaye kamar manyan lemo, da safar hannu ta fata guda biyar da suka sha jiki. Wata ta ɗaga sandar ta ce, "Malama, ai wannan taɓarya ce." Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to daga yau sunanta ke nan. Haka wasan ya zama ƙwallon taɓarya. Mai jifa ta jefo ƙwallo ta ƙasa-ƙasa, mai taɓarya ta maka mata, ta yar da sandar ta ruga tana zagaya gidaje huɗu, waɗanda muka ɗinka da buhu muka cusa masu ɓawon gyaɗa. Sauran kuma su watsu a fili, in suka cafe ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ta fita. Mu da muka saba da wasannin dandali, da an fitar da yarinya sai mu ɗau ihu, "Ta mutu! Ta mutu!" Rana ta biyu Malama ta ɗaga hannu ta ce, "A filina ba a mutuwa. Ku ce ta huta." Na ga masu koyar da wasa da yawa bayan nan, a makarantun da na yi aiki da kuma a talabijin, masu jijiyar wuya da kumfar baki. Ban sake ganin wadda ke sauraron abin da yara ke faɗa a cikin ihunsu ba.

Ni can ƙarshen fili ta ajiye ni, don ta gane ba a nan duniyar nake ba. A ƙarƙashin matashina akwai ƙananan littattafan nan na kasuwa, na karanta su har bangonsu ya cire. Ina tsaye da safa a hannu, amma zuciyata tana wani gida mai furanni, wani saurayi mai farar shadda da ban taɓa gani ba yana rubuto mani wasiƙa da koren biro. Malama ba ta taɓa yi mani tsawa ba. Sai dai ta ce, "In angon ya tashi, ki gaishe shi, ki ce ƙwallo na tafe." Kusa da ni, daidai gindin dutsen, nan Usaina 'yar Wurma take tsayawa. Siririya ce, idanunta manya, farare tas kamar an wanke su da madara, kuma duk makarantar ba mai hannunta wajen cafe ƙwallo. 'Yan biyu ne su. Hassanarta ta rasu a daminar da ta wuce, zazzaɓin kwana uku, ruwa ya cinye hanya ba a samu kai ta asibiti ba. Tun daga nan Usaina ta ƙudurta sai ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba ta da wata magana sai wannan. Littafinta na kimiyya da shi take kwana a ƙirji.

Wata matsala ta addabi Malama a makonnin farko. In ƙwallo ta tashi sama, mu biyu ko uku mukan ruga mata, idanunmu a sama, mu yi karo. Sai ta ce ita za ta riƙa kiran sunan wadda za ta cafe. Amma da ta kira suna, sai yarinyar ta sauke ido daga kan ƙwallon, ta tsaya cak tana waige-waige, ƙwallo ta faɗo tim a gefenta. Kowa haka, har waɗanda suka fi iyawa. Malama ta ɗauka ba mu ji ne, sai ta ƙara murya. Tana ƙara murya dutsen yana ƙara amsawa, sunanka ya zo maka ta gaba, sannan ya lallaɓo ta bayan wuyanka. Mu ba mu gaya mata ba, don a ganinmu wa ke buƙatar a gaya masa ruwa na jiƙa mutum?

Ran nan bayan la'asar, rana ta yi ja, inuwar dutsen ta miƙo har ta rufe ƙafafunmu. Aka buga ƙwallo ta yi sama sosai. Malama ta haɗa hannu a baki ta ƙwala, "Usaina!" Na ga Usaina ta sandare. Ba Malama ta waiga ta duba ba, dutsen ta juya ta fuskanta, a hankali, kamar wadda aka dafa wa kafaɗa. Sai ta sulale ƙasa. Muka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo. Bayan kwana huɗu ta sake faɗuwa a daidai wurin. Shugabar makaranta ta aika Wurma. Ranar kasuwar Kurfi babanta ya iso a kan keke, dattijo mai furfura a gemu, ƙafafunsa duk faso. A gaban ofis ya tsaya, bai yarda ya zauna ba. Muna leƙe ta tagar aji muka ji ya ce, "Ɗiya guda ta rage mani. Na kawo ta ta yi karatu, ban kawo ta a riƙa ɗauko mani ita daga ƙasa ba. In ta ƙara faɗuwa sau ɗaya, zan zo in ɗaure akwatinta, ta koma gaban uwarta." Usaina tana tsaye a gefe, ta ƙanƙame littafinta, ko hawaye babu.

Shugaba ta ce abin mai sauƙi ne, a cire ta daga wasa. Malama ta roƙi a ba ta mako uku. Washegari da rana ta same ni ina wanke kwanona ta ce, "Ke mai mafarki, ke ce kusa da ita. Me ke faruwa a can da ni ba na gani daga nan?" Na sunkuyar da kai na gaya mata maganar kakanninmu. Na jira ta yi dariya ko ta ce camfi ne, kamar yadda malamin kimiyya zai ce. Ba ta yi ba. Sai ta ce, "Kenan duk sanda na kira ku, ina sa ku zaɓi tsakanina da kakanninku." Ta kama hannuna muka tafi filin, ba kowa sai wasu tumaki. Ta ce in tsaya inda take tsayawa, ita kuma ta taka har gindin dutsen, ta tsaya a sawun Usaina, ta ba dutsen baya. Ta ɗaga hannu alamar in kira. Na cika ƙirji na ce, "Usaina!" Daga inda nake ban ji komai ba sai muryata tana dawowa a dishe. Amma na ga kafaɗun Malama sun ɗaga. Ta sa na sake, har sau uku. Da ta dawo ta ce, "Dutsen yana cinye farkon sunan. Abin da ke isa can ba Usaina ba ne. Hassana yake cewa."

Malama ta zauna a kan buhun ɓawon gyaɗa ta dafe kai. "Wata guda," in ji ta, "ina tsaye a nan ina kira mata 'yar'uwarta da bakina." Da yamma ta kira Usaina, ta ce in zauna don kar ta ji ita kaɗai ce. Abin da ta fara yi shi ne ba ta haƙuri, malama guda, a gaban ɗaliba. Ban taɓa ganin haka ba. Sannan ta tambaye ta me take ji in an yi kiran. Usaina tana murza gefen ɗankwalinta ta ce, "Malama, ni da Hassana kamarmu ɗaya. Ko innarmu sai ta duba tabon ƙafa take rarrabe mu. Nakan ce ko ni aka zo ɗauka aka yi kuskure, yanzu an gane, an dawo ana nema." Malama ba ta ce mata ƙarya ne ba, ba ta kuma ce gaskiya ne ba. Ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin sanina. Ki ci gaba da addu'o'in da aka koya maki, ni ma zan yi tawa. Abin da na sani shi ne ƙwallo. Kina so ki bar wasan?" Usaina ta girgiza kai. "In na gudu daga fili, har cikin aji abin zai biyo ni."

Daga ranar Malama ta kwashe mu daga gindin dutse ta mai da mu tsakar makaranta, bayan ɗakin cin abinci, inda ba abin da ke amsawa. Ta kafa sabuwar doka: ba mai sake kiran sunan kowa. Wadda ta ga ƙwallo ta nufo ta, ita za ta buɗe baki ta ce, "Tawa ce!" sauran su ba ta wuri. Cikin kwana biyu karo ya ƙare, ƙwallo ta daina faɗuwa, don ba wadda kakarta ta hana ta amsa wa kanta. Usaina ce kawai muryarta ba ta fita. Malama ba ta matsa mata ba. Kullum bayan an tashi takan tsaya da ita, ta jefa ƙwallo sama ta ce, "Ban ji ba, ta wa ce?" Tun abin yana fita kamar raɗa, har ran nan kuku ya leƙo daga kicin ya ce wace ce ke neman fasa masa tukunya.

Ƙarshen zango aka shirya mana wasa da 'yan matan wata makaranta daga Kurfi, wadda ƙawar Malama ke koyarwa. Tsakar makaranta ba za ta ɗauki baƙi ba, dole aka koma babban fili. Suka iso a bayan akori-kura suna waƙa, suna yi mana gwalo, wata gajera a cikinsu tana cewa, "Ina 'yan gindin dutsen? Mun ji har suma kuke yi don tsoronmu!" Can ƙarƙashin bedi kuwa sai ga baban Usaina, ya jingine kekensa, da sabuwar igiyar rama a naɗe a bayan sirdi. Ba wanda ya tambaye shi ta mece ce.

Kafin a fara, Malama ta ja Usaina gefe, ina tsaye ina ɗaure takalmi. Ta ce, "Jiya na zo na gwada kalmar a wurin tsayuwarki. Dutsen ba ya cinye komai a cikinta, yadda kika faɗa haka zai maido maki. Hausa ba harshen uwata ba ne, sai da na ji ta daga bayana na gane abin da na koya maki." Sai a lokacin ni ma na gane. Tawa ce. Ƙwallo ake nufi, amma haka mai neman mutum zai ce. Malama ta ci gaba, "Ki dawo gida na ɗaya ki tsaya kusa da ni. Ko an cinye mu, ba komai ba ne, kuma ba mai cewa uffan." Usaina ta dubi babanta, ta dubi dutsen, ta sa safarta. "Wurina zan tsaya, Malama."

Wasa ya yi zafi. Ni ranar ko saurayina mai koren biro bai leƙo ba. Har aka zo zagayen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya, su kuma suna da mutum biyu a kan gidaje, ƙwallo ba ta taɓa zuwa wajenmu ni da Usaina ba. Inuwar dutsen ta riga ta rufe mu. Sai gajerar nan ta ɗauki taɓarya ta maka wa ƙwallo wani irin bugu, ta tashi sama har ta zama kamar ƙwayar gero, ta nufo gindin dutse. Filin ya yi tsit. Na ga Usaina ta ja da baya, fuskarta a sama, wuyanta a miƙe. Ta buɗe baki.

"Tawa ce!"

Daga bayanmu, a sarari, da muryar mace, aka ce, "Tawa ce."

Usaina ta yi baya kamar za ta faɗi. Na ga dattijon ya saki keke ya taho. Amma ba ta sauke ido ba, ba ta waiga ba. Ta turje, ta sake cewa da ƙarfin da ban san tana da shi ba, "Tawa ce!" Ƙwallon ta sauko, ta bugi bakin safar, ta yi tsalle ta faɗa cikin ciyawa. 'Yan Kurfi suka zagaye gidaje suna guɗa. An cinye mu.

Ba wanda ya kula. Malama ta ratsa filin da gudu, gyalenta a hannu, ta tsaya gaban Usaina tana haki, ba ta taɓa ta ba. Usaina tana tsaye a kan ƙafafunta, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce, hawaye na zuba. Ta ce, "Malama, kin ji ta ko? Haka take tun muna yara. Ko ɗan kunne na ce nawa ne, sai ta ce nata ne." Babanta ya iso ya tsaya, ya dube ta tun daga kai har ƙafa, ya daɗe. Sannan ya juya ga Malama ya ce, "Malama, haka ake wasan? A bari abu ya faɗi ƙasa?" Ta ce, "Wani lokaci, Baba." Ya gyaɗa kai. "To, gara shi." Ya ciro ƙullin ƙuli-ƙuli daga aljihu ya danƙa wa 'yarsa, ya ce ta riƙa cin abinci, ya koma ya ɗaga kekensa ya hau hanyar Wurma shi kaɗai. Usaina ta gama makaranta tare da mu. Yara da yawa a ƙasar Kurfi a hannunta suka faɗo duniya.

Da aka watse, ni aka bari in tattara kaya tare da Malama. Akwai abin da nake so in gaya mata. Ni ce mafi kusa da Usaina a filin, kuma ranar ba mafarki nake yi ba. Na ce, "Malama, sau biyu Usaina ta yi kira." Ta ce, "Haka ne." Na ce, "Ni sau uku na ji an amsa."

Ta ci gaba da cusa safofin hannu a buhu, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago ba. Can ta hango Usaina a bakin ɗakin cin abinci, tana raba wa 'yan Kurfi ƙuli-ƙuli. Ta ɗaure bakin buhun tamau.

"Ni ma na ƙirga," in ji ta. "Ita ba ta ƙirga ba. Je ki kwaso gidajen."